Yadda Ake Dafa Tukunya Ɗaya Ta Abincin Tsirrai Zalla a Lokacin Ƙunci

Akwai lokacin da shiga kicin kan zame wa mutum aiki babba. An yi rashi, ko aiki ya tsaya, ko ana jinyar wani, ko kuma zuciya ce kawai ta yi nauyi ba a san dalili ba. A irin wannan hali girki ne abin da ake fara saki. Sai a wuni da ruwan shayi, dare ya yi jiki babu ƙarfi, gobe ta zo ta fi yau wuya. Wanda kuma ba ya cin komai na dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, nasa ya fi tsanani, domin yawancin abincin da ake saya a shirye akwai ɗaya daga cikin waɗannan a cikinsa.

Na daɗe ina irin wannan girki, ranakun walwala da ranakun da ba na son ganin kowa. Abin da ya riƙe ni shi ne hanya guda ɗaya da hannuna ya haddace, har yakan yi ta ko da hankalina yana wani wuri. Ita zan koya miki, 'yar'uwa, kuma duk abin da na faɗa ya shafi ɗan'uwanmu da ke zaune shi kaɗai: miyar adas (wasu ƙananan ƙwayoyi dangin wake) mai kauri, wadda ake ci da shinkafa ko burodi. Daga kunna wuta zuwa saukewa kamar minti 40 ne, amma aikin hannu a ciki bai wuce minti 10 ba. Sauran lokacin zama za ki yi tukunya ta yi aikinta.

KAYAN AIKI

Tukunya madaidaiciya mai murfi, wadda gindinta ke da kauri. Wannan ce kaɗai nake so ki kula da ita, domin adas yana saurin kamu a tukunya mai sirantaccen gindi. In mai sirantaccen ce gare ki, babu laifi, sai dai ki rage wuta ki riƙa juyawa akai-akai.

Ƙaramar tukunya ta biyu don shinkafa, in da shinkafa za ki ci.

Wuƙa da katakon yanka, cokalin katako, kofi guda ɗaya da za ki riƙa awo da shi, rariya ko kwano don wanki, da robobi masu murfi uku ko huɗu na ajiya.

Sai wayarki. Za ki riƙa sa ƙararrawa da ita. Mai damuwa yana manta tukunya a kan wuta fiye da kowa, kuma ba sakaci ba ne, haka damuwa take yi wa tunani. Kada ki dogara da cewa za ki tuna.

KAYAN HAƊI (na cin mutum huɗu, ko na mutum ɗaya sau huɗu)

Jan adas kofi ɗaya da rabi, wato kamar giram 300
Albasa manya 2
Tafarnuwa sala 4
Ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, ko garinta rabin ƙaramin cokali
Man girki babban cokali 3
Garin kori ƙaramin cokali 2
Kurkum rabin ƙaramin cokali
Barkono yadda kike so
Tumatirin gwangwani ɗaya mai giram 400, ko nunannun tumatir 4
Ruwa kofi 4, wato kamar lita ɗaya
Madarar kwakwa rabin gwangwani, kamar mililita 200
Ganye cikin hannu biyu: alayyahu, kabeji, ko duk wanda ke akwai
Lemun tsami 1
Gishiri

Ga wadda ba ta saba da adas ba: ƙananan ƙwayoyi ne masu faɗi, dangin wake. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai kore, akwai ja. Jan nake so ki nema, domin an riga an cire masa ɓawo, shi ya sa ba ya buƙatar jiƙo kuma yana narkewa cikin minti 15 zuwa 20. Busasshensa yana wata da watanni a ajiye bai lalace ba, kuma kofi ɗaya na dafaffensa yana da furotin kusan giram 18. Kada ki ɗauke shi abincin rashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2016 sukutum don dangin wake irinsa saboda yadda suke ciyar da mutane.

Gargaɗi ɗaya tun kafin a fara: in za ki sa dunƙulen ɗanɗano, ki karanta bayan kwalinsa. Da yawa akwai kitsen kaza, ko naman shanu, ko garin kifi a ciki. Wannan miyar ba ta ma buƙatarsa in aka soya albasa yadda ya kamata.

MATAKAI

1. Tara komai wuri ɗaya, ki samu wurin zama

Kafin ki kunna wuta ki ɗebo duk kayan ki jera a gabanki, ki buɗe gwangwanaye, ki auna ruwa. Ki jawo kujera ki yi yankan albasa a zaune. Babu wata doka da ta ce sai a tsaye ake girki. Yankan ma ba sai ya yi kyau ba, duk zai narke a cikin miya. Tafarnuwa ki danne ta da gefen wuƙa, ɓawon zai fita da kansa, ki ɗan sassara ta. Citta ki kankare bayanta da bakin cokali ki goga ko ki yanka ƙanana.

2. Wanke adas

Ki zuba shi a kwano, ki duba ko akwai tsakuwa, ki zuba ruwa ki cuɗa da hannu ki tsiyaye. Sau biyu ko uku ya isa, har ruwan ya rage fari. Kada ki wanke shi ki bar shi ya daɗe a kwano babu ruwa, yakan manne ya dunƙule. In haka ta faru ki watsa masa ruwa kaɗan ki warware da yatsu.

3. Soya albasa

Nan ne duk daɗin miyar yake, don haka zan daɗe a kai.

Ki ɗora tukunya a matsakaiciyar wuta, ki zuba mai, ki bar shi ya yi zafi kamar minti ɗaya. Ki zuba albasa tare da gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin yana jawo ruwan jikin albasa waje, sai ta yi laushi da wuri ba tare da ta ƙone ba. Ki juya, ki bar ta, ki dawo bayan minti biyu ki sake juyawa. Da farko za ta yi fari mai sheƙi, daga nan ta yi laushi ta ragu, sannan gefenta ya fara ja-ja, ƙamshinta ya tashi daga mai yaji zuwa mai zaƙi. Wannan jan kike jira, kuma yakan ɗauki minti 8 zuwa 10.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Mutum ya ga albasa ta yi laushi a minti uku, sai ya antaya ruwa. Miyar za ta dahu, amma za ta fito salam, a yi ta ƙara gishiri ba ta gyaru ba. A girkin nama, romon naman ne ke rufe wannan giɓi. A namu girkin babu mai rufe shi sai albasar da ta soyu da man da ta soyu a ciki. Shi ya sa ma ba na son a rage man nan. Cokali uku a abincin mutum huɗu ba yawa ba ne, kuma shi ke sa a ci a ji an ƙoshi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: a cika wuta don a yi sauri, sai bayan albasa ya yi baƙi cikinta ɗanye. In kin ga gindin tukunya ya fara yin duhu, ki zuba ruwa babban cokali biyu ki kankare da cokalin katako. Wannan jan da ya manne a ƙasa ɗanɗano ne, ruwan zai narkar da shi ya koma cikin albasa.

Ni a wurina waɗannan mintoci goma su ne maganin da ke cikin girkin. Hannu na da abin yi mai sauƙi, ƙamshi ya cika ɗaki, kuma abin da ake jira yana zuwa a kan lokacinsa. A ranar da komai ya ƙi tafiya daidai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

4. Tafarnuwa, citta da kayan ƙamshi

Ki rage wuta kaɗan. Ki zuba tafarnuwa da citta ki juya na minti ɗaya, kada ya wuce. Tafarnuwa tana ƙonewa da sauri, kuma in ta ƙone ɗacinta ba ya fita. Sai ki zuba kori, kurkum da barkono a cikin man, ki juya na daƙiƙa 30. Dalilin sa su a mai kafin ruwa shi ne yawancin ƙamshinsu a mai yake narkewa. In aka barbaɗa su a kan ruwa daga baya, sai a ji garin a harshe, ƙamshin kuma bai fito ba. Ki lura, kurkum yana rina cokalin katako da roba da tufafi.

5. Tumatir

Ki juye tumatirin, ki juya, ki bar shi ya yi minti 4 ko 5 har ki ga mai ya fara tasowa a gefe. In ɗanyen tumatir ne ki yanka ƙanana ki ƙara masa minti uku. In tumatirin leda ko na ƙaramin gwangwani mai kauri ne kawai gare ki, babban cokali 2 ya isa, ki soya shi a man har launinsa ya yi duhu, sannan ki ƙara rabin kofin ruwa a kan wanda na faɗa.

6. Adas da ruwa

Ki zuba adas, ki zuba ruwa kofi 4, ki ƙara gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki ƙara wuta har ya tafasa. Kumfa za ta taso, ki kwashe ta da cokali in kina so, in kin bar ta ma ba ta cutarwa. Da ya tafasa ki mayar da wuta ƙasa sosai, ki rufe amma ki bar 'yar kafa, domin adas yana tasowa ya zube in aka rufe shi ruf.

Ki sa ƙararrawa ta minti 10. In ta buga ki zo ki juya har ƙasa, ki sake sa wata ta minti 10. A minti goman na biyu ne yake kamu, saboda ya fara narkewa ya yi nauyi ya kwanta a gindin tukunya, don haka ki leƙa sau ɗaya a tsakiya. Ya dahu idan ƙwayoyin sun fashe, launin ya koma ruwan ɗorawa, kuma kin murza a tsakanin yatsu ba ki ji tauri ba.

In ya kama, ga abin yi: kada ki kankare. Ki sauke nan take, ki juye na saman a wata tukunya a hankali, ki bar wanda ya manne. Kankarewa ce ke yaɗa ƙaurin a duk miyar.

7. Shinkafa, in za ki iya

Da kin rufe tukunyar adas, ki wanke shinkafa kofi ɗaya, ki zuba mata ruwa kofi 2 da ɗan gishiri. Ta tafasa, ki rage wuta ƙasa, ki rufe, minti 15 ba buɗewa, ki kashe ki bar ta a rufe minti 10. Tare za su gama da miyar. Ki dafa iya wadda za ki ci yau da gobe kawai, zan faɗi dalili a mataki na 10.

In tukunya ta biyu ta yi miki yawa a yau, ki bar ta. Burodi ya wadatar. Ko ki yanka dankalin turawa biyu ƙanana-ƙanana ki jefa tare da adas a mataki na 6, ki ƙara rabin kofin ruwa, kin samu cikakken abinci a tukunya ɗaya.

8. Ganye, madarar kwakwa, da gyaran ɗanɗano

Ki zuba madarar kwakwa ki juya. Daga nan kada ki bari ya yi tafasa mai ƙarfi, madarar takan tsinke. Ki zuba ganye. Alayyahu minti 2 ya ishe shi, kabeji yana son 5 ko 6. Ki kashe wuta, ki matse rabin lemun tsami.

Yanzu ki ɗanɗana, ki ba shi hankalinki. In kin ji kamar akwai abin da ya rage amma ba ki san mene ne ba, ki bi wannan tsari: ki fara ƙara gishiri kaɗan ki juya ki sake ɗanɗanawa. In har yanzu yana da nauyi a baki, tsami ne ya yi kaɗan, ki matse sauran lemun. In kuma ya yi kaifi ko yaji ya yi yawa, ki ƙara madarar kwakwa ko cokalin mai. Mafi yawan lokaci lemun tsamin ne amsar. Mutane da yawa da ke cewa abincin tsirrai ba shi da daɗi, wannan matsin lemun na ƙarshe ne ba a yi musu ba.

In gishiri ya zarce, ki ƙara ruwa da sauran madarar kwakwa, ki ci da shinkafar da ba gishiri. Jefa dankali a ciki don ya tsotse gishiri ba ya yin abin da ake cewa yana yi. In miyar ta yi ruwa, ki buɗe murfi ki bar ta a wuta minti biyar. In ta yi kauri da yawa, ruwan zafi kaɗan. Ki sani tana ƙara kauri in ta huce.

9. Ki zuba a kwano, ki zauna ki ci

Ina nufin wannan a matsayin mataki. Ki zuba a kwano na gaske, ko da kaɗan ne, ki zauna. In ba kya jin yunwa ki ci cokali biyar ki ajiye, ki dawo bayan awa ɗaya. Sau da yawa sha'awar abinci sai an fara ci take zuwa. Wanke-wanke kuma ki zuba wa tukunya ruwa ki bar ta sai gobe.

10. Ajiya

Nan ba na sassauci, domin mai rauni ba ya buƙatar ciwon ciki a kan abin da ke damunsa.

Miyar kada ta wuce awa 2 a waje bayan an sauke. Ki raba ta a ƙananan robobi, haka ta fi saurin hucewa, ki sa a firiji. Tana kwana 3 zuwa 4 lafiya. Wadda ba za ki ci a cikin kwanakin nan ba ki sa a firiza, tana kai wata 3. Ki raba ta ci ɗaya-ɗaya, don ranar da ba ki da ƙarfi ki ɗauko guda ki ɗumama. In za ki ɗumama, ki ƙara ruwa kaɗan ki bari ta yi zafi har tsakiya tana tururi, kuma abin da aka ɗumama sau ɗaya ba a mayar da shi a sake.

Shinkafa ta fi miya haɗari, ko da yake mutane ba su ɗauke ta haka ba. Akwai wata ƙwayar cuta a jikin ɗanyar shinkafa da dafuwa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a waje da ɗumi, sai ƙwayar cutar ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ta karya wannan guba. Shawarar hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ita ce a sanyaya shinkafa cikin awa ɗaya, a sa a firiji, a cinye cikin kwana ɗaya. Ki baza ta a faranti ta huce da wuri.

In babu firiji, ko wutar ba ta tsayawa, ki raba duk awon nan biyu, ki dafa abin da za ki cinye a ranar.

IDAN WANI ABU BABU

Babu madarar kwakwa: ki dama niƙaƙƙiyar gyaɗa babban cokali 2 da ruwan zafi ki zuba a madadinta. Ni har na fi son wannan a lokacin sanyi. Niƙaƙƙen riɗi ma yana yi. In duk babu, cokalin mai a ƙarshe ya isa.

Babu lemun tsami: ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya.

Babu kori: citta, barkono da masoro kaɗai suna fitar da miya mai daɗi.

Babu ganye: karas, kabewa ko dankali mai zaƙi, amma su a mataki na 6 ake sa su don su samu lokacin dahuwa. Daskararrun kayan lambu na leda ana zuba su kai tsaye daga firiza, kuma amfaninsu a jiki bai gaza na ɗanye ba. Kada ki ji kunyar amfani da su.

Babu jan adas: mai ruwan ƙasa ko kore yana yi, sai dai yana ɗaukar minti 25 zuwa 35 kuma ba ya narkewa. Waken gwangwani ya fi komai sauƙi: gwangwani 2, ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye, wanda hakan ke rage gishirinsa sosai, ki rage ruwan miya zuwa kofi ɗaya da rabi, ki dafa minti 10, ki farfasa kashi ɗaya cikin uku da bayan cokali don miyar ta yi kauri.

Busasshen wake kuma sai an yi masa tanadi. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan jiƙon, ki dafa shi shi kaɗai har ya yi laushi kafin ya haɗu da tumatir, domin tsami yana hana wake nuna. Sai babban gargaɗi game da jan wake mai siffar ƙoda: ɗanyensa da wanda bai dahu sosai ba suna da wani sinadari mai sa amai da gudawa, ƙwaya huɗu ko biyar ma sun isa. Dole ya yi tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Kada a zuba shi ɗanye a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, zafinta ba ya isa ya karya sinadarin. Na gwangwani an riga an dafa shi, babu wannan matsala.

KWANA NA BIYU DA NA UKU

Cin abu ɗaya kullum yana gundura, to ki canza masa fuska. Ki tsinka shi da ruwan zafi ki sha a kofi. Ki dafa taliya ki juya ta a ciki, amma ki duba ledar, wasu taliyoyin da ƙwai ake yin su. Ki shafa mai kaurin a kan gasasshen burodi da yankakken tumatir. Ko ki dafa dankali ki tsaga shi ki zuba a kai.

RANAR DA KO WUƘA BA ZA KI IYA RIƘEWA BA

Irin wannan rana tana zuwa, kuma gara a yi mata shiri. In akwai roba a firiza, shi ke nan. In babu, ga abubuwa uku da aikin hannunsu ba ya wuce minti biyar.

Ots rabin kofi da ruwa kofi ɗaya a wuta minti 3 zuwa 5, ki sa cokalin niƙaƙƙiyar gyaɗa da ayaba da ɗan gishiri. Ko ki buɗe gwangwanin wake, ki ɗauraye, ki farfasa da cokali mai yatsu, ki sa mai da lemun tsami da gishiri, ki ci da burodi. Ko kuma gajeriyar hanyar miyar nan: ki zuba adas, tumatirin gwangwani, ruwa, kori, mai da gishiri duka a tukunya lokaci ɗaya, babu yanka babu suya, minti 20. Ba za ta kai ta farko daɗi ba, amma abinci ne mai zafi mai gina jiki, kuma a wannan rana abin da ake nema ke nan.

ABIN DA JIKI KE BUƘATA

Furotin ba abin damuwa ba ne ga mai cin dangin wake da hatsi. Abin da ya yi ƙaranci a shinkafa da alkama yana da yawa a adas, abin da ya yi ƙaranci a adas kuma suna da shi. Ba sai a kwano ɗaya ba, in an ci su a yini ɗaya ya wadatar.

Sinadarin ƙarfe da ke cikin tsirrai jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa, wato lemun tsami da tumatirin nan suna da aiki bayan ɗanɗano. Shayi da kofi kuma suna rage ɗaukarsa, don haka ki ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsu da abinci.

Bitamin B12 shi ne wanda ba a wasa da shi. Babu wani ganye ko hatsi da za a dogara da shi a same shi. Duk wanda ya bar abincin dabba gaba ɗaya sai ya sha ƙwayarsa, ko ya riƙa cin abincin da aka ƙara masa shi. Ƙungiyar masu cin tsirrai zalla ta Ingila, Vegan Society, wadda aka kafa a 1944, tana ba da shawarar maikirogiram 10 a kullum ko 2000 sau ɗaya a mako. Na matsa a kan wannan ne saboda ƙarancinsa yana kawo kasala, mantuwa, jin kamar ana tsira allura a hannu da ƙafa, da dusashewar zuciya, alamomin da mai ƙunci zai ɗauka duk damuwarsa ce ta jawo. In kin ga rashin cin abinci, ko rashin barci, ko nauyin zuciya ya kai mako biyu bai sassauta ba, ki je wurin likita, ki gaya masa irin abincin da kike ci, ki nemi a duba jininki. Miya tana riƙe jiki, amma ba ta maye gurbin magani.

IN WATA KIKE DAFA WA

Wani lokaci ba ke ce a cikin ƙuncin ba, 'yar'uwarki ce ko maƙwabciya. Kada ki tambaye ta me take so ta ci, zaɓi ma nauyi ne a irin wannan hali. Abin da za ki tambaya kawai shi ne ko akwai abin da jikinta ba ya karɓa, musamman gyaɗa da riɗi. Ki rage barkono, ki ajiye shi a gefe. Ki raba miyar a ƙananan robobi, ki rubuta ranar da aka dafa a kan murfin kowace, ki haɗa da burodi da lemun tsami guda. Ki zuba a robobin da ba kya buƙatar a dawo miki da su, kuma ki gaya mata hakan tun a bakin ƙofa.